Bargo a Kan Inji

Ɗan farina direba ne tun zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa, lokacin da in mota ta shigo Argungu mata kan bar daka su leƙo ta kan darni. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗe shi yana goye ba, ban faɗe shi ranar aurensa ba, ba kuwa yanzu da haƙorana suka zube zan fara ba. Haka aka raine mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a dubansa ido cikin ido, ba a yi masa magana kai tsaye. In ya shigo gida sai uwa ta sami abin yi a madafa. 'Yan yanzu in sun ji haka sai su ce rashin so ne. Su suka sani.

A lokacin mijina ya riga ya rasu, ina zaune da tsohuwata a gidanmu na kusa da gulbi. Sana'ata turara shinkafa, in shanya, in casa, kuma ba yabon kai ba, wanda ya ci shinkafata ba ya komawa wurin wata. Ƙwayarta ba ta karyewa, ba a tauna tsakuwa a ciki. Fatake har ƙofar gidanmu suke biyo ta, shi ya sa motar ke tsayawa a unguwarmu, ƙarƙashin wata tsamiya da ke gaban zaurenmu.

Motar ba tasa ba ce. Ta wani attajiri ce a Birnin Kebbi, babbar mota mai jikin katako, tana ɗaukar albasa da shinkafa da bandar kifi, mutane kuma su hau kan kayan su riƙe igiya. Shi da matarsa a can Birni suke zaune, bayan gari, wajen da yanzu gidaje suka cika ake cewa Badariya. Yakan taso da sassafe ya iso mana da hantsi, a sauke kaya a loda wasu, ya leƙo zaure ya gaida kakarsa, ya ce a gaida mutanen gida, wato ni, ya juya. Ni kuma ina bayan darni ina jin muryarsa. Iyakar rabona da shi ke nan, kuma ban taɓa cewa ya yi mini kaɗan ba.

Wata bazara, irin wadda gulbi ke janyewa har a ƙetare shi da ƙafa, motar ta fito da wani hali. Da safe a Birni, in ya zura mata ƙarfen nan da ake sa mata a baki a wana, wani ɗaya sai ta tashi. Ta taho duk tsawon hanya, da gargada da yashi, ko tari ba ta yi. Amma in ya iso gindin tsamiya ya kashe ta aka yi lodi, sai ta ƙi. Ya wana ya wana, karen motarsa, wani ƙaton magidanci Bazabarme, ya karɓa ya wana, ita dai sai ta yi ɗan gurnani kamar za ta amsa ta koma ta yi shiru. Ba za ta tashi ba sai rana ta karya, bayan la'asar, jikinta ya huce. A nan sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Ranar farko duk mazan unguwa suka fito turi. Masunta suka ajiye komarsu, masu dako suka ajiye buhuna, aka tura ta har bakin kasuwa, aka sake turo ta baya. Ta sha turi ba ta ce komai ba. Tsohuwata tana zaune a bakin zaure kan tabarmarta, idonta ya riga ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Ita da shi wasan jika da kaka ne tsakaninsu, angonta take kiransa, ba abin da ba ta iya faɗa masa. Ta ce masa ita a iya saninta jaki shi ke ɗaukar mutum, amma ga nasa jakin na ƙarfe mutane ke ɗauka, in haka ne ya sayar ya sayo mata mai rai. Ya ce ai ko mai ran in ya ga wadda za ta hau shi kwanciya zai yi. Suka yi dariyarsu. Ni na ji dariyar tasa ba ta kai ciki ba.

Abin ya zama na kullum. Duk zuwan da zai yi sai ya wuni. Masu albasa suka fara gunaguni, don albasa ba ta son zama cikin buhu a rana. Fasinjoji wasu suka koma hawan jakuna da raƙuma, suka ce gara wanda suka san tafiyarsa. Wata rana bayan azahar yana zaune a zaure, hannunsa duk baƙin mai, tsohuwa ta daina wasa ta tambaye shi abin da mai motar ya ce. Ina madafa, tsakanina da su zana ce kawai.

Ya ce mai mota ya gaji. Ya ce in ba ta gyaru ba kafin ruwa ya sauka ya rufe hanya, zai sayar wa wani mutum a Sakkwato ya huta.

Tsohuwa ta ce, "To kai hwa, angona?"

Ya ce, "Sai in bi su wane Kumashi. An ce can ana neman direbobi."

Da ƙarfi ya faɗa, fiye da yadda kunnen tsohuwa ke bukata. Na san wadda ake gaya wa.

Ku ba ku san Kumashi ta wancan lokacin ba. Mazan ƙasarmu sun yi ta zuwa, wasu su dawo da akwatin ƙarfe da atamfa, wasu su dawo da tari, wasu ko labarinsu. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya tafi da niyyar rani guda, har tsohuwa ta koma ga Allah ba ta sake jin muryarsa ba. Ga shi yanzu nawa na cikina yana shirin bin wannan hanya, ni kuwa ba ni da bakin da zan ce masa kada ka tafi. Wata uwar ta iya, ni ban iya ba, kuma da na yi da unguwa ta ɗauka ta yi ta yawo da ni. Abin da ya rage mini shi ne motar nan ta gyaru. Ni da ban taɓa hawa mota ba, na wayi gari ba abin da nake tunani sai ita.

Shi ma bai zauna ba. Da farko ya ce to kada a kashe ta, a bar ta tana aiki har a gama lodi. Amma lodin shinkafa ba abin gaggawa ba ne, sai an auna, sai an ɗinke buhu, sai an yi gardama. Tana tsaye tana shan fetur a banza, mai ita kuma yana auna abin da ya zuba mata. Ranar da ya gwada hakan ma da kanta ta yi ta shaƙewa har ta mutu, ta kuma ƙi tashi kamar kullum. Ya kwance fulogoginta ya kankare ya mayar. Ya ce ko datti ne a cikin man, ya tsiyaye shi duka a garwa ya tace da ƙyalle. Ya aro batir a wurin wani direban ya sa. Kowane ɗaya in ya yi sai ya zo da fuska a sake, ya kashe ta, a yi lodi, ya zura ƙarfe, ya wana. Ni ina leƙe ta wata 'yar kafa da ke jikin darni. Bayansa kawai nake gani, rigar ta manne da gumi, yana sunkuyawa yana miƙewa. Har na san sautin da take yi in za ta ƙi tun daga wanin farko.

Akwai makaniki a Birni, tsohon soja ne, a yaƙin Turawa ya koyo aikin. An ce ya iya, ni ma ban ce bai iya ba. Amma duk sa'ad da aka kai masa ita da safe ake kaiwa, tana da sanyinta, sai ya wana ta tashi, ya saurara ya ce ai wannan lafiyarta lau. Ya ƙi biyo su Argungu don yana da nasa aikin. Daga baya da aka matsa masa ya canza mata wani baƙin gwangwani da aka ce shi ke ba ta wuta. Ranar da suka zo da sabon gwangwanin an tashi da hadari a sama, ba a yi ruwa ba amma gari ya yi lumshi, aka gama lodi ta tashi. Tsohuwa ta sa aka raba wa yara ƙosai sadaka. Zuwa na gaba rana ta buɗe, ta koma halinta.

Ni ma na yi nawa. Na karɓo laya wurin malamin unguwarmu, tsohuwa ta ba shi ya ɗaura kusa da sitiyari. Na karɓo rubutu aka yayyafa mata. Ban raina ko ɗaya ba, kowane da inda yake aiki. Sai dai wannan ba nasu ba ne.

Abin da ya fi ci masa rai ba wahalar ba ce. Mai motar ya fara cewa ko dai ba motar ba ce, ko direban ne ke son wuni a garinsu ya sha fura ya yi barci, tun da a gabansa ba ta taɓa ƙin tashi ba. Karen motar ne ya kawo wa tsohuwa wannan maganar. A makon nan kuma ƙarfen wanin ya dawo da baya ya doke shi a wuyan hannu, hannun ya kumbura har agogonsa ya ƙi shiga. Na dafa ganye na ba tsohuwa ta gasa masa. Ita da ba ta gani sosai, tana gasawa tana kuskure wurin, ina tsaye daga nesa ina kallo.

To a nan ne na yi tunanina, kuma har yau ban ga inda tunanin ya karkace ba. Rabin matan unguwarmu ni na yi musu wankan jego. Na san jiki. Jikin da ya yi aiki ya yi gumi, in ya tsaya wuri ɗaya iska ta buge shi, sanyi ke shigarsa, gaɓoɓi su riƙe, ya kasa tashi. Mai jego in ta fito daga ruwan zafi ba a barinta a sarari, rufe ta ake yi. Doki ma in ya yi gudu ana jefa masa mayafi. Ita kuma motar nan daga Birni take zuwa a guje, jikinta kamar garwashi, a zo a tsayar da ita a inuwar tsamiya, iskar gulbi tana kaɗa ta. Shi da kansa lokacin ɗari na sha ji yana cewa da buhuna yake rufe mata inji ta kwana, da safe ya zuba mata ruwan zafi kafin ta tashi. Ashe ke nan ta san sanyi. Na faɗa wa matan da muke casa tare, ba wadda ta musa, kowa ta ce wallahi haka ne.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa. Tun da aka haife shi ban taɓa sa shi wani abu ba, ko ɗauko mini ludayi. Ran nan da na ji ya kashe ta ya shigo zaure, na matso jikin zana na ɗaga murya.

Na ce, "Inna, a hwaɗa ma mai jan motag ga, sanyi na ka kama ta. In ta tsaya shi ruhe ta."

 Tsohuwa ta maimaita masa kamar bai ji ba. Na san bai yarda ba, don na ji yadda ya ja numfashi. Amma me zai ce? Magana ta farko ke nan da uwarsa ta taɓa aiko masa. Ya ce wa kakarsa to, a ba shi abin rufawa.

Na ɗauko bargona na gashin tumaki, mai nauyi, wanda mijina ya sayo mini wurin fataken yamma, ko lokacin ɗari sai sanyi ya kai sanyi nake fito da shi. Ya karɓa daga hannun tsohuwa ya fita. Ya shimfiɗa shi a kan injin da hannunsa mai lafiya, ya cusa gefe da gefe, ya rufe murfin a kai. Karen motar yana kallonsa yana kallon sama.

Aka gama lodi, aka cire bargo, aka wana, ta ƙi. Aka mayar. La'asar ta yi, lokacin da ta saba haƙura, ta ƙi. Rana ta yi ja ta faɗa bayan gulbi, ya taɓa ta ya ce har yanzu kamar tanda take. Masu albasa suka zazzage masa abin da ke bakinsu, ɗaya har ya ce zai kai ƙara wurin mai mota. Shi kuwa bai ce ga wadda ta sa shi ba. Fasinjoji suka watse neman wurin kwana.

Ranar a gidanmu ya kwana, abin da bai yi ba tun da ya yi aure. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miya da kan giwan ruwa da wani masunci ya kawo mini. Akushin ya dawo bai rage ko loma ba. Ba zan ce muku na yi baƙin ciki a ranar ba, ba kuma zan ce na yi murna ba. Kunya ta ishe ni, ga tsoron abin da mai mota zai ce, ga shi kuma ina jin motsinsa a zaurenmu. Da asuba bayan salla ya wana sau ɗaya ta tashi.

Kafin hantsi labari ya gama unguwa. Aka sa wa motar suna mai jego. In ta shigo sai ka ji masunta suna tambayarsa ya ƙarfin jikinta, an dama mata kunun kanwa kuwa? Matan da suka ce mini wallahi haka ne su suka fi kowa dariya. Ni ban fasa fita ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Na shanya shinkafata a inda na saba.

Da ya dawo zuwa na gaba bai taɓa ƙarfen wani ba. Ya kashe ta ya zo ya zauna a bakin zaure yana kallonta kawai. Tsohuwa ta ce ko a kawo masa bargon ne. Ya ce a'a, bargon ya gama aikinsa. Ta ce wane aiki, ban da sa shi kwana da yunwar matarsa?

Ya ce, "Tsohuwa, da munka ruhe ta ƙara daɗewa ta yi. Ashe ba hutu taka jira ba, ba la'asar taka jira ba. Zahi na ba ta so. Saura in san ko ina na."

Ya tashi ya buɗe murfin injin gefe biyu ya bar shi a buɗe iska na shiga. Ranar ta tashi tun kafin a kira la'asar. Ba wani abin kirki ba ne, amma shi ne karo na farko da wani abu da ya yi ya motsa ta.

Daga nan ya bi ta a hankali, har ni mai kallo na gaji. Kowane zuwa wuri ɗaya yake sanyayawa, don in ta tashi ya san wane ne. Ya kwarara ruwa a kan lagireto, wurin da ruwanta ke zama, ya wana, ba ta tashi ba. Wani zuwan ya jiƙa sabon gwangwanin nan, ba ta tashi ba. Yana bin jikinta da bayan hannu yadda ake duba zazzaɓin yaro. Karen motar ya ce a watsa mata ruwa duka mana a huta, ya ce in an yi haka ko ta tashi ba a san komai ba, kuma injin da ya yi zafi in aka sheƙa masa ruwa yana iya tsagewa. A gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Manoma suna murna suna gyaran gona, ni duk sa'ad da na ji ƙamshin ruwa a iska sai in tuna Kumashi.

Akwai wata 'yar kwalba a gefen injin, kamar ƙaramin kofi, fetur ke bi ta cikinta kafin ya shiga. Wata rana yana kashe ta sai ya durƙusa a wurin bai tashi ba. Ya kira karen motar ya ce zo ka gani. Daga baya na ji yana ba tsohuwa labari: man da ke cikin kwalbar tafasa yake yi, yana ƙananan kumfa kamar tukunya ta fara, yana kallo har ya ragu ya bar iska. Ya bi siririn bututun da ke kawo man da yatsa, sai ya tarar ya bi ta jikin babban bututun hayaƙi, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. A nan ya tuna. Da kaka bututun ya taɓa tsagewa a hanya, wani mai gyaran tasoshi a wani ƙauye ya yanke wurin ya like, ya gajarta, aka ja shi ta inda zai kai. Duk lokacin ɗari ba abin da ya faru. In tana tafiya iska na bugunsa, sabon mai na wucewa, ba ya samun zama. In ta tsaya sai zafin ya taru a kansa, man ya zama iska, ita kuwa ba ta shan iska.

Ya zo bakin zana ya ce wa tsohuwa ko mutanen gida na da tsumma da ruwan randa. Ruwan gulbi da rana ɗumi gare shi, randata kuwa a binne take rabi cikin yashi a ɗaki, ruwanta har haƙori yake kamawa. Na ba da tsumman da nake sauke tukunya da shi, na cika ƙwarya. Ya naɗe bututun da wurin kwalbar, ya riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan, tururi na tashi. Ya jira. Ya danna wani ɗan hannu da ke ƙarƙashin kwalbar har ta sake cika. Sa'an nan ya zagayo gaba ya zura ƙarfe.

Rana tana tsaka, ko inuwar tsamiyar ta tattare a gindinta. A wani na biyu ta tashi.

Masu lodi suka tsaya da buhu a ka. Tsohuwa ta ce a gaya mata, motar ce ko tsawa. Ni ina tsaye da ƙwaryar a hannu, sai na zauna a kan turmi. Da matan casa suka zo suna ta barka, na ce musu su je su tambaye shi abin da ya nuna masa hanya, in ba bargon da suka yi wa dariya ba. 

Ya ɗan jima yana yin haka, duk zuwa sai an fito da ruwan randa. Sa'an nan ya kai wa tsohon sojan nan ita da zafinta ya nuna masa kwalbar. Mutumin ya sa mata sabon bututu mai tsawo ya zagaya da shi ta wani gefen, ya kafa ɗan falle na kwano tsakani. Shi ke nan. Ko tsumma ba ta sake nema ba. Ruwa ya sauka, hanya ta rufe, mai mota bai sayar ba, maganar Kumashi ta mutu ba wanda ya sake tayar da ita. Duk daminar nan barci na yi irin wanda na daɗe ban yi ba.

Da kaka ta yi hanya ta bushe, sai ga saƙo ta bakin wani farke. Mai mota ya ce motar da ba ta ba da kunya, da direban da ya san cikinta haka, asara ce a bar su a 'yar hanyar Birni da Argungu. Ya sami aikin jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa a Gusau, kuma direban can zai zauna da iyalinsa. Shinkafarmu wata tsohuwar mota za a riƙa aikowa ta ɗauka. Kowa ya ce ɗaukaka ce. Ɗaukakar ce kuwa, ban musa ba.

Ta Argungu hanyar ta bi, saboda haka ya tsaya sallama. Matarsa ta shigo ta durƙusa mini muka yi bankwana, ni da ita ba kunya tsakaninmu, na ba ta shinkafa da daddawa. Kayan ɗakinta suna ɗaure a bayan motar, har da turminta. Shi ya kashe motar a gindin tsamiya, da rana tsaka, ya zauna a zaure da kakarsa. Ba su yi wasa ba ranar. Ta shafa kansa ta ce ita kam ba ta jin za su sake ganawa, ya yafe mata bakinta. Haka kuwa aka yi, ɗarin nan ta rasu. Da ya miƙe sai ya juyo wajen zana.

Ya ce, "A ce ma mutanen gida su yahe mani."

Na ce, "Inna, a ce mashi ba komi. Allah shi tsare."

Ya fita. Na je wurin kafar darnin na tsaya. Jikin motar yana ta hucin zafi, daga inda nake ina ganin iska na rawa a kan murfinta. Ya zura ƙarfen ya sunkuya. Ni da na yi bazara guda ina roƙon Allah ta tashi, na sami kaina ina sauraron ɗan gurnanin nan da take yi in za ta ƙi, ko zuwa la'asar ne.

Wani ɗaya ta tashi. Ya cire ƙarfen ya jefa ƙarƙashin kujera, ya hau, suka bi hanyar Sakkwato.

Maƙwabta suka yi ta shigowa suna cewa in gode wa Allah, Gusau ai ba Kumashi ba ce, mutum yana iya zuwa da salla. Na ce na gode. Yakan zo ɗin, wata shekarar, wata shekarar kuma aiki ya hana. Ranar dai ina da shinkafa a kan wuta, har ta fara kamawa a gindi, na koma na sauke ta.